ZAƁEN MAKARANTA KO ZAƁEN TUMUN DARE?



 



Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wani al'amari ne da ya faru a gabana, ya kuma hana ni sukuni tun daga ranar. Wani bawan Allah manomin masara daga ɗaya daga cikin ƙauyukanmu na Doguwa ya same ni bayan sallar La'asar, muna shirin tashin yara daga Islamiyya, yana riƙe da hannun ɗansa mai kimanin shekara goma. Bayan mun gaisa sai ya ce: "Allah gafarta Malam, so nake ka ɗan gwada mini yaron nan. Shekararsa uku ke nan a makarantar kuɗi a wajen ƙanwata, kullum sakamako na zuwa da kyau, amma zuciyata ba ta kwanta ba." Ya miƙo mini takardar sakamakon. Yaro ya zo na biyu a aji, an yi masa jinjina da jan biro, an buga hatimi.

Na zaunar da yaron kusa da ni, na buɗe masa littafin Hausa na 'yan aji biyu. Shiru. Na buɗe na Turanci. Shiru. Na ɗauko Juz'u Amma na buɗe masa wata sura, ya dubi shafin ya dube ni. Da na ja masa farkon surar sai ya kama ya zuba ta har ƙarshe da murya mai daɗi, amma da na ɗora yatsa a kan kalma ɗaya na ce ya karanta, bai iya bambance ba'un da ta'un ba. Yaron ba daƙiƙi ba ne, wallahi kaifin haddarsa ya ba ni mamaki. Ba a koya masa karatu ba ne kawai. An koya masa rera abu, an kuma koya masa gaisuwa da Turanci wadda zai yi wa baƙi idan ya zo hutu, uban ya ji daɗi a gaban jama'a.

Na tambayi mahaifin: "Malam, me ka gani a makarantar nan ka zaɓe ta?" Ya ce sunan wani babban sahabi ne a allon ƙofarta, kayan makarantar suna da kyau, 'yan matan duk da hijabi har ƙasa, kuma ɗan wani Alhaji na garinsu can yake. Na ce: "Ka taɓa shiga ajin da yake zama?" Ya ce a'a, iyakarsa ofis, inda ake karɓar kuɗi. Wannan mutum kuwa, idan zai sayi buhun taki sai ya kwance bakinsa ya duba, idan zai sayi sa sai ya duba haƙoransa ya sa an zagaya da shi. Amma inda zai ajiye hankalin ɗansa da addininsa shekara uku, allon ƙofa ya ishe shi hujja.

Ban kawo labarinsa don in yi masa dariya ba. Ya fi da yawanmu, domin shi zuciyarsa ta ƙi kwanciya har ya zo ya tambaya. Na kawo shi ne saboda yadda ya yi zaɓe haka akasarinmu muke yi, daga Kwanar Ɗangora har Riruwai, masu boko da marasa boko. Muna zaɓen suna, muna zaɓen fenti, muna zaɓen motar ɗaukar ɗalibai, muna zaɓen inda maƙwabci ya kai nasa don kada a ce mun gaza. Sai kuma mu kira wannan kishin ilimin 'ya'ya.

Zan fara da namu na gida, domin ni malamin Islamiyya ne, kuma wanda ya fi cancanta in yi wa nasiha shi ne abokin sana'ata. A 'yan shekarun nan makarantu masu haɗa boko da addini sun yawaita a Tudun Wada da Kiru da Bebeji, har sun fara shigowa lungunanmu. Asalin manufar alheri ce, kuma ba sabuwa ba ce. Tun 1934 aka buɗe makarantar shari'a a Kano wadda daga baya, a 1947, ta zama Makarantar Koyon Larabci da muka sani da SAS, ta kuma yaye alƙalai da malamai da suka riƙe Arewa. Hukumar NBAIS ma tana nan tana shirya jarrabawar kammala sakandare ga ɗaliban Larabci da addini, da yawanmu da takardarta muka shiga jami'a. Saboda haka ba ni da faɗa da haɗa ilimin biyu, ni kaina ɗan wannan haɗin ne. Akwai kuma masu makarantu da na sani waɗanda suke yi don Allah, suna cin bashi don su biya malamai. Allah Ya saka musu da alheri.

Faɗana da wanda ya gano cewa sunan sahabi yana jawo ciniki ne. Ya kama gida mai ɗaki huɗu, ya rubuta Tahfizul Ƙur'an a bango, ya ɗauko yaran da suka gama sakandare bara ya damƙa musu alli, yana biyansu abin da ba zai kai su mako biyu ba. Na san wata malama a irin wannan makaranta da ake biya naira dubu goma sha biyar a wata, a lokacin da mafi ƙarancin albashi a dokar ƙasa tun 2024 yake naira dubu saba'in. Wanda ake biya haka ba zai zauna ba, don haka yaro yakan ga malamai uku a aji ɗaya kafin shekara ta ƙare. Kuma mai makarantar ba zai taɓa rubuta wa uba cewa ɗansa ya faɗi ba, domin uban da ya ga jan sakamako cire ɗansa zai yi. Sai kowa ya ci. Sai a shirya walimar sauka da rumfuna da lasifika da manyan baƙi, a raba allo mai zayyana, a karɓi kuɗin anko, alhali a cikin masu saukar akwai wanda idan ka buɗe masa tsakiyar Mus'hafi ba zai kai ƙarshen layi ba.

Na san za a ce ai karɓar lada a kan koyar da Alƙur'ani ya halatta. Haka ne, malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun halatta, kuma ni ma ina karɓa. Maganar ba a nan take ba. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa mai albarka cikin tarin, ya ji danshi a ƙasa alhali saman a bushe yake, ya kuwa yi masa gargaɗi mai tsanani a kan algus. To, ina bambancin wannan tari da takardar sakamakon da aka rubuta wa yaron da bai iya karatu ba cewa ya zo na biyu? Mai masara da ya zuba tsakuwa a ƙasan buhu kuɗin mutum kawai ya ci. Wannan kuwa ya ci kuɗin, ya ci shekarun yaro waɗanda ba za su dawo ba, ya kuma yi hakan da sunan littafin Allah.

Kada kuma wani ya ɗauka cewa lasisin gwamnati ya ishe shi kariya. Duk mun tuna abin da ya faru a Kano a farkon 2022, lokacin da aka gano cewa mai wata makarantar kuɗi ne ya sace ɗalibarsa 'yar shekara biyar ya kashe ta. Gwamnatin jiha ta soke lasisin makarantun kuɗi baki ɗaya don a sake tantance su, kotu kuma ta yanke masa hukuncin kisa a watan Yulin shekarar. Wannan a cikin birni ke nan, kusa da ofisoshin masu sa ido. Yanzu ka yi tunanin makarantar da take bayan dajin Falgore, sau nawa mai duba makarantu zai taka ƙafarsa can a shekara?

Yanzu bari in juyo ga 'yan uwana masu rubutu a Facebook. Kwanan baya na ga ana ta yaɗa wata shawara, wai maganin lalacewar ilimi shi ne gwamnati ta daina zuba kuɗi a makarantunta, ta riƙa ba kowane uba takardar tallafi ya kai ɗansa inda ya ga dama, gasa ta gyara kowa. Masu wannan magana suna kawo ta kamar su suka ƙirƙiro ta. Tsohuwar shawara ce. Wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, Milton Friedman, shi ya fito da ita a 1955. Ƙasar Chile ta aiwatar da ita daga 1981, birnin Milwaukee na Amurka ya fara a 1990, Sweden ta bi a 1992. A Chile, inda aka daɗe ana gwada ta a faɗin ƙasa, makarantun sai suka koma su ne masu zaɓen ɗalibai, suna ƙara kuɗi a kan tallafin, 'ya'yan masu hali suka taru a wuri ɗaya, na talakawa a wani. Ɗalibai suka cika tituna da zanga-zanga a 2006 da 2011, har a 2015 aka yi dokar da ta hana makarantun da ke karɓar tallafin gwamnati cin riba da tace ɗalibai.

Amma ko da a ce ta yi nasara a can, ina tambayar mai shawarar: uban da yake Zainabi ko Dariya ko Maraku, idan ka ba shi takardar, ina zai kai ta? Zaɓi sai inda abu ya kai biyu. Mutumin da makaranta ɗaya ce tak a iya tafiyar ƙafar ɗansa, ita ma idan damina ta yi nisa rafi ya kawo sai a haƙura, wane zaɓi ake masa albishir da shi? Ɗan kasuwa ba ya buɗe makaranta inda babu masu biya. Wannan shawara ta wanda yake zaune a Zoo Road ce, wanda idan ya fito ƙofar gidansa zai ƙirga alluna biyar kafin ya kai bakin titi.

A da ɗan ƙauye mai ƙoƙari yana da wata ƙofa, wato makarantar kwana ta gwamnati. Tun da aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, ɗan manomi da ya ci jarrabawa yakan kwana a ɗaki ɗaya da ɗan kwamishina, su ci tuwo ɗaya, kuma da yawa daga likitoci da injiniyoyin Kano da Jigawa daga can suka fito. Wannan ƙofar ma ta ƙuntata. Bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020 da na Jangebe a Fabrairun 2021, gwamnatin Kano ta rufe wasu makarantun kwana na gefen jiha na wani lokaci, har da kwalejin share fagen shiga jami'a da ke nan Tudun Wada. An buɗe daga baya, amma tsoron bai fita daga zukatan iyaye ba, musamman a kan 'ya'ya mata. Na san gidajen da karatun 'yarsu ya tsaya a aji uku na ƙaramar sakandare saboda wannan dalili kaɗai.

Saboda haka ga mafi yawan mutanenmu, maganar zaɓen makaranta maganar firamaren gwamnati ce da ke garinsu, ko ta rayu ko ta mutu. A takarda kuwa ba a bar mu a baya ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta. Gwamnatin Ganduje ta ƙaddamar da ilimi kyauta kuma dole a 2019. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, inda da bakinsa ya ce yara sama da miliyan huɗu suna zaune a ƙasa a makarantun jihar saboda rashin kujeru. Idan gwamna ya faɗi haka, ni ba ni da abin ƙarawa a kan halin da ake ciki. An yi gyare-gyare a wasu wurare, an ɗauki malamai, ba zan musa abin da ido ya gani ba. Sai dai akwai abin da kasafin kuɗi ba ya saye.

Abin da ya kashe firamaren garinmu, a ganina, tun kafin rufin kwano ya yaye, shi ne ranar da masu baki a gari suka kwashe 'ya'yansu daga cikinta. Lokacin da muke yara, ɗan dagaci da ɗan liman da ɗan hedimasta duk benci ɗaya muke zama. Idan malami ya yi fashin kwana biyu, kafin na uku magana ta kai gaban mai gari. Yau kansila ya kai nasa Tudun Wada, ɗan kasuwa ya kai nasa Kano ko Zariya, malamin da yake koyarwa a makarantar shi kansa nasa suna ta kuɗi. Wa ya rage? 'Ya'yan wanda idan ya je ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ba za a ba shi kujera ba. Kwamitin kula da makaranta da aka ce kowace al'umma ta kafa yana nan a rubuce, amma ka je taronsa ka ƙirga mutane. A Satumbar 2019 gwamnan Kaduna na lokacin, Malam Nasiru El-Rufa'i, ya kai ɗansa firamaren gwamnati, ƙasa ta ɗauka kamar an ga wata da rana tsaka, daga baya ma ya cire shi saboda barazanar masu satar mutane. Abin da ya kamata ya zama al'ada ya zama labarin jarida.

A nan dole in faɗi gaskiya a kan kaina, don kada in zama mai wa'azin da ya manta da gidansa. Ni ma na cire babban ɗana daga firamaren unguwarmu shekara biyu da suka wuce, ranar da na leƙa na tarar da ajinsu sun fi ɗari, malami ɗaya, shi ma yana waje yana waya. Ban yi nadamar cire shi ba, amana ce a wuyana, kuma Suratut Tahrim ta ɗora wa kowane mumini tsare iyalinsa. Abin da nake nadama shi ne tun ranar ban sake taka makarantar ba. Na tsira da nawa, na bar 'ya'yan maƙwabtana, waɗanda da yamma su ne suke zama a gabana a Islamiyya ina mamakin me ya sa ba su iya rubuta sunansu ba. Haƙƙin maƙwabtaka da muke karantarwa bai tsaya ga miƙa kwanon abinci ta katanga ba.

Akwai kuma wani zaɓe da ake yi a cikin gida wanda ba a son a yi maganarsa, kuma shi ya fi ci mini rai. Uba mai 'ya'ya takwas, ƙarfinsa bai wuce ya biya wa biyu ba. Wa zai zaɓa? Sau da yawa ba mai ƙoƙari ake dubawa ba. Ɗan amarya ya tafi ta kuɗi, ɗan uwargida ya tafi ta gwamnati, ɗan wadda aka saka a haɗa shi da wani alaramma a sa shi a mota, 'ya mace kuwa a ɗora mata tallan gyaɗa a ce ai gidan wani za ta. Duk a gida ɗaya, uba ɗaya. Ya kai ɗan uwa, ka tuna ƙissar Nu'umanu ɗan Bashir (R.A) da Buhari da Muslim suka ruwaito: mahaifinsa ya yi masa kyauta shi kaɗai ya nemi Annabi (S.A.W) ya zama shaida, Annabi ya tambaye shi ko ya yi wa sauran 'ya'yansa irinta, da ya ce a'a sai ya ƙi yin shaidar, ya umarce shi da adalci tsakanin 'ya'yansa. Malamai sun yi bayani cewa ciyarwa tana bin buƙata, ba dole kuɗin ɗan jami'a ya yi daidai da na ɗan firamare ba. Amma fifita wani da ilimi don son uwarsa, wannan ba buƙata ba ce, son zuciya ne, kuma gabar da ake shukawa da shi takan tsiro ranar rabon gado.

Game da 'ya'ya mata kuwa, mu da muke alfahari da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kamata mu ji kunya. Shehu ya soki malaman zamaninsa da kakkausan harshe a kan barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci alhali suna karantar da 'ya'yan wasu, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta kafa tsarin 'Yan Taru, tana tura jajis ƙauyuka suna karantar da mata. Yau idan matarka za ta haihu kana neman likita mace ido rufe, kana fushi idan namiji ne a bakin aiki. Daga wane gida kake so ta fito?

Ban ce kowa ya mayar da ɗansa makarantar gwamnati gobe ba, ban kuma ce karatun allo ba karatu ba ne. Tsangaya ta fitar da mahaddatan da suke rubuta Alƙur'ani da ka, abin da makarantunmu na zamani har yau ba su kama ƙafarsa ba, kuma alarammomin kirki suna nan. Amma uban da ya kai ɗa tsangaya ya bi shi da abinci da sutura da ziyara daban yake da wanda ya jefar da shi don ya rage bakin ci. A 2020, lokacin annobar korona, mun ga yadda gwamnonin Arewa suka riƙa lodin almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu, aka rasa ma iyayen wasu. Duk inda za ka kai shi, sharaɗin ɗaya ne, ka san hannun da ka damƙa shi. Magabata irin su Ibnu Sirin sun yi gargaɗi cewa mutum ya duba daga wa yake karɓar addininsa, kuma Zarnuji ya ware babi guda a littafinsa na ladubban neman ilimi a kan zaɓen malami da abokin karatu. Ba su yi maganar fentin gini ba.

Ku matasa da kuke karanta wannan, da yawanku ba ku yi aure ba, amma kuna da ƙanne, kuma a gidajenku ku ne masu karatun da ake jin maganarku. Aikin ba ya buƙatar kuɗi. Ka je makarantar ƙaninka ranar Talata da hantsi ba tare da sanarwa ba, ka wuce ofis ka tsaya a bakin taga minti goma. Ka tambayi malamin tun yaushe yake nan, ka ga ko ya san sunan yaron. Ka buɗe littafin rubutunsa ka ga rabon da a duba shi. Da dare kuma ka ba shi abin da bai taɓa gani ba, ko da takardar maganin sauro ce, ka ce ya karanta, sannan ka buɗe Mus'hafi a inda ba a biya masa ba. Idan kuma an kira taron iyaye da malamai a firamaren garinku, ka je ko da ba ka da ɗa a ciki, domin mai digiri ɗaya da zai iya rubuta takardar koke zuwa ga sakataren ilimi ya fi alƙawarin ɗan siyasa goma amfani a wajen.

Shi kuwa manomin nan, da ya ga abin da ya gani sai ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce: "To Malam, yanzu ina zan kai shi?" Wallahi ban sami sunan makarantar da zan ba shi in kwanta da kwanciyar hankali ba. Abin da muka yi shi ne ya dawo da yaron gida, ya sa shi a firamaren garinsu, muka je tare muka gaisa da hedimasta, ya kuma yi alƙawarin leƙawa duk mako. Bayan Magariba yaron yana zuwa wajena tare da 'yan shekara shida, mun koma babbaƙu da farfaru. A makon jiya ya haɗa kalmarsa ta farko da kansa, ba tare da an ja masa ba. Ni ma ranar Asabar mai zuwa akwai taron kwamitin firamaren unguwarmu, na riga na gaya wa hedimasta ya sa sunana, in Allah Ya yarda.